Lafiya Lau a Kan Reshen Giyayya

Muna yara, damina a Argungu kulle mu take yi a gida. Gidan da muke haya yana gangaren gari, da ruwa ya sauko sai lungunmu ya zama rafi, ba shiga ba fita. Mu 'yan Zuru ne, aiki ya kawo babanmu, ya taho da mahaifiyarsa, Kaka Lami, wadda ta zauna cikin Kabawa har bakinta ya koma nasu. Bayan tuwon dare mukan cunkushe a madafi, hayaƙi na korar sauro yana sa mu hawaye, ita kuwa tana juya masara a bakin murhu. Na tsani zaman nan, in ban da tatsuniya.

"Ga ta nan tahe, ƙahwa duk laka," in ji ta.

"Ta shigo mu ji ta!"

Wai wani manomi ne ya tafi fadama duba shinkafarsa da 'yarsa ƙarama, sai gulbi ya ɓalle. Ya saɓi yarinyar ya haye giyayya, ruwa ya kewaye su. Can sai ga kwalekwale, ashe surukinsa ne masunci, uban matarsa. To, mutum ba ya faɗa wa suruki buƙata kafin gaisuwa ta ƙare. Nan Kaka takan gyara zama ta yi muryoyi biyu.

"An wuni lahiya? Lahiya lau. Ina gajiya? Babu gajiya. Ina ruwa? Ruwa ya yi gyara!"

Mu yi ta dariya, don a lokacin ruwan ya kai masa idon sawu. Kafin a kai ga tambayar iyali, igiyar ruwa ta ja kwalekwalen ta wuce da shi. Shi ma tsohon kunya ta hana shi tambayar abin da ya kai mijin 'yarsa bisa itace. Ya sha wuya ya dawo, aka sake gaisuwa daga farko, ruwa ya sake tafiya da shi. Da ya dawo kuma, ruwa a ƙugu, manomi ya buɗe baki zai ce lafiya lau, sai yarinyar ta tsala ihu: "Kaka, ba lahiya ba! Tsoro ni ka ji! Zaka ka ɗauke mu!" Tsoho ya jefo igiya.

"Ƙurunƙus kan tarwaɗa," in ji Kaka. Babanmu, wanda addu'arsa ta safe takan yi tsawo har koko ya huce, ya leƙo ya ce, "Inna, wannan habaici ne, ba tatsuniya ba." Ta ce in ya ƙare tasa doguwar gaisuwar ya zo ya karɓi masara.

Yau ina Badariya, a Birnin Kebbi. Bara hawan jini ya kayar da mijina Bitrus, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ma sai da ƙyar. Ni ke juya shi, ni ke yi masa wanka, ni ke ba shi abinci a baki. Na rufe shagon ɗinkina. Ko sujada a coci ban ƙara zuwa ba, don ba wanda zan bar wa shi. Gida ya zame mini kurkuku, kuma ina jin kunyar cewa haka nake ji game da ɗakin mijina. Duk wanda ya ce, "Ya mai jiki?" sai in ce, "Da sauƙi." A addu'a ma haka. In durƙusa in jera godiya, don rai, don iska, don abinci, kafin in kai ga abin da ke cin raina barci ya kwashe ni.

Wata Lahadi matan zumunta na cocinmu suka zo dubiya. Aka zazzauna a ɗakin Bitrus, aka yi waƙa. Shugabarsu, Mama Saratu, ta ce ƙaramar cikinmu ta buɗe da addu'a. Alheri ke nan, autata, wadda ko makaranta ba ta shiga ba. Ta runtse ido har da yamutsa fuska.

"Yesu, Mama ta gaji. Kuka ta ka yi a banɗaki, ina jin ta. Bayanta na ciwo. Ka aiko wani shi ɗauki Baba. Amin."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ba wanda ya ce amin sai ita kaɗai. Mama Saratu ta juyo gare ni ta ce, "Rahila, ɗiyata, in sake tambayarki. Ƙaƙa mai jiki?"

"Da sauƙi" ya riga ya hau harshena. Sai daga kan gado na ji muryar Bitrus, a karkace amma sarai: "A'a." Hawaye na gangara masa cikin kunne. Ban taɓa tunanin shi ma amsar nan ta ishe shi ba, kullum yana kwance ana cewa ya samu sauƙi. Na fashe da kuka a gaban baƙi, abin da ban taɓa yi ba.

Bitrus bai tashi ba har yau, ba zan yi ƙarya ba. Matan suna zuwa bi da bi, wani lokaci kuma ba sa zuwa, ɗakin yana nan yadda yake. Abin da nake ta juyawa a raina shi ne, mu manya mun mai da Allah suruki, alhali uba muke kiransa. Mun koya wa Alheri ta naɗe hannu ta rufe ido, amma ba mu kai ga koya mata ɓoye ciwo ba, shi ya sa ta fi mu iya addu'a. Jiya ta faɗi ta gurje gwiwa, ta taho tana kuka, na ji bakina ya fara cewa, "Yi shiru, ba komai." Na haɗiye sauran, na ɗauke ta na ce ta nuna mini inda ke zafi.