Wayar da Saje Ya Ɗauka

Shekara goma sha tara Saje ya yi a sashen haɗurran mota na 'yan sanda. Shi ke auna titi, shi ke tattara takalma da jakunkunan mamata. Abokan aiki suna ce masa Dutse, don ba a taɓa ganin ya kau da kai daga gawa ba.

Wata Litinin da hantsi bas ta kife a kan gada. Yana cikin lulluɓe wani fasinja, sai waya ta yi ƙara a aljihun mamacin. Ya ciro ya ɗauka. Muryar tsohuwa ce: "Kai, ka iso kuwa? Abincinka fa yana hucewa." Saje ya janye ta daga kunnensa. Ya kashe wayar.

Tun daga ranar ƙarar ba ta rabu da shi ba. Yana jin ta a wajen fareti, yana jin ta a banɗaki, sai ya kama laluben aljihu.

"Baban yara, me kake nema?" in ji matarsa. "Wayarka ai tana hannunka."

A lokacin ne aka share ɗakin tsofaffin fayil na ƙarshen baranda, aka sa kujeru biyu da fanka, wata likitar ƙwaƙwalwa tana zuwa duk Laraba. 'Yan sanda suka raɗa masa Ɗakin Kuka, har da Saje a masu dariya. Wata uku yana wuce ƙofar. Ranar da ya shiga, cewa ya yi ya zo aron kujera.

"Ɗauki, Saje," in ji likitar. "Ko ka ɗan zauna a kanta tukuna."

Ya zauna. Yana kallon fanka ya ce, "Likita, ban gaya mata ba. Na bar ta tana jira."

Ba ta katse shi ba, har ya gama.

Ya koma sau goma sha ɗaya. Ƙarar ba ta tafi gaba ɗaya ba, amma in ta zo ya koyi zama ya ja numfashi har ta wuce. Ya nemi a mai da shi ofishin rajista, aka yi masa. Daga baya ya sayar da motarsa. Yanzu da ƙafa yake zuwa aiki, tafiyar minti arba'in, yana bin gefen titi a hankali.