Taɓare Biyu da Gwaggo Zali Ta Ajiye

Akwai ranar da har yau ba ta bar raina ba. Tun da ku ne za ku riƙe igiya bana, gara ku ji labarin daga bakina kafin ku tsince shi a kasuwa.

A lokacin, shekarata ta uku ke nan ina aikin fili a bikin gargajiya da muke yi nan Filinge bayan gero ya shiga rumbu. Ga wanda bai san tsarin ba, biki ne na kowa da kowa, ba a biyan komai, ƙofar ma babu. Masu tabarma da maƙera da masu tukwane su jera ta gabas, makaɗa da masu rawa su shiga tsakiya rukuni rukuni. Komite ke shirya komai. Shugabanmu lokacin Mushe Idi ne, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko (Mushe muke ce wa malamanta), shi ke riƙe da takardar sunaye. Ƙarƙashinsa akwai mai sanarwa da lasifika, sannan mu masu igiya, ni ce babbarsu. Ban yi lakwal ba, takarda ba ta ce mini komai, amma fuskar da na gani sau ɗaya ba ta ɓace mini.

A bikin da ya gabaci wancan, kiɗan goge ya ɗebi jama'a, suka afka fili har aka tattake tukwanen wata baiwar Allah. Don haka komite ya kafa doka: ba mai ƙetare igiya sai wanda sunansa ke takarda. Da safe Mushe Idi ya ja ni gefe ya ce, "Inna Hawa, ke na sani. Ko ɗiyar cikinki ta ɗaga igiyar ga, ki maishe ta." Na ce, "Ko kaza ba ta wucewa." Na yanko sandar geza na riƙe.

Bayan la'asar aka kira sunan Gwaggo Zali, wata tsohuwa daga wani ƙauyen Kurfai, wadda ta zo a amalanken jaki da turminta. Waƙar lugude ta kawo. Ku yaran yanzu injin niƙa kuka sani. Lugude shi ne mata uku kan turmi ɗaya, taɓare na sauka bi da bi, a jefa sama a tafa a cafe, ɗaya na ba da waƙa, biyu na amshi. Tata waƙar tana jera tsofaffin rijiyoyin ƙasarmu da sunan waɗanda suka gina su, kuma an ce ita kaɗai ta rage da ta san ta daga farko har ƙarshe.

Ita kaɗai ta iso bakin igiya. Na ce, "Gwaggo, ina 'yan amshinki?"

Ta ce, "Ɗaya ta haihu shekaranjiya, ɗaya ƙahwa ta hana ta. Amma ɗiyata, babu mata garin ga? Turmi shi ka kiran taɓarya."

Na ɗaga mata igiya ta shige.

Ta kafa turmi, ta zuba gero, sannan ta kwantar da taɓare biyu a ƙasa suna fuskantar jama'a. Duk macen da ta tashi a Kurfai ta san abin da wannan ke nufi, gayyata ce. Ni ma na sani. Haka uwata ke yi in tana son maƙwabta su kama mata aiki.

Ta buga, ta ɗaga murya. Nan take Rabi mai ƙosai da wata ƙawarta suka gyara ɗaurin zane suka kama igiya. Na maka sanda a kan igiyar.

"Ku koma! Sunanku na takarda?"

Rabi ta ce, "Haba Inna, ba ki ganin taɓare ƙasa?"

Na ce, "Ina gani. Ke ba ki ganin igiya?"

Wani daga baya ya ce, "Kai! Inna Hawa ta zama jandarma!" Aka kwashe da dariya. Ba zan ɓoye muku ba, har daɗi na ji.

Gwaggo ta sake ba da waƙa, ta tsaya daidai wurin da amshi ke shiga. Wasu mata suka amsa daga nesa, amma amshin da ba taɓarya a hannu ba ya faɗawa kan bugu, sai ya watse. Karo na uku ni ta duba. Amshin yana kan harshena, tun ina ƙarama na san shi. Na waiga wajen Mushe Idi, yana hira da baƙi. Na ƙara damƙe sandata.

Ta jingine taɓarya, ta kwashe geronta a gefen zane. Da ta zo wucewa ta gabana ta ce, "Wanga daka ne, ba lugude ba. Daka kuwa ina yin shi gida." Ba ta ɗaga murya ba. Mai sanarwa ya kira rukuni na gaba.

Da aka watse, labari ya kai ga Mushe Idi. Ya ce, "Don mi ba ki bar su ba?" Na ce, "Kai ka ce ko ɗiyata." Ya ce, "Inna, ni takarda na sani. Ke kin san turmi. Da kin hwaɗa mini."

Na yi niyyar bin ta ƙauye in ba ta haƙuri. Yau, gobe, har damina ta sauka, noma ya riƙe ni. Kafin a yanke gero aka aiko ta rasu. Da na je gaisuwa na tambayi ɗiyarta ko ta riƙe waƙar. Ta ce rijiya uku ta sani, sauran sun tafi da tsohuwa.

To, ku ji. An ɗaura igiya don tsare tukwane, ba don a raba mutane da abinsu ba. Masu takarda suna ba da doka gwargwadon abin da suka sani, shi ya sa ake sa irinmu bakin fili. Ku dubi abin da mai wasa ya ajiye a ƙasa kafin ku dubi sandarku. In kun rasa ta yi, ku taka ku tambaya, taku goma ne tsakaninku da shugaba.

Amshin yana nan bakina har yau. Wani lokaci in ina daka a tsakar gida sai in ji na yi shi, in dakata da taɓarya a sama, ina jiran mai ba da baiti na gaba.