Farin Wandon Mai Agogo

Shekara arba'in Mai Agogo yana zaune a bakin teburinsa na gilashi, da madubin ƙara girma a ido ɗaya da ɗan hantsaki a hannu, kuma bai taɓa ce wa kowa ya yar da agogonsa ba. Kawo masa wanda ya kwana cikin ruwa, zai harare ka, ya ce ka dawo jibi. Taurin kai kam Allah ya ba shi, har da na sayarwa.

To, shi ma akwai na'ura a jikinsa. Bayan wata tiyatar mafitsara, fitsari ya riƙa zubo masa bai sani ba, sai likitoci suka sa masa ɗan zobe mai matse hanyar fitsarin, da ɗan famfo a ƙarƙashin fata da yake latsawa idan ya shiga bayi. Shekara goma sha ɗaya suna zaman lafiya. Bana ta gaza. Ranar da ya miƙe gaban wani mai sayen batir ya ga wandonsa sharkaf, ya rufe shago. Wata biyu bai leƙa ba, kunya kamar ta kashe shi.

"Ruwan cikin na'urar ne ya tsiyaye, Baba," in ji likita. "Sai dai a sa sabuwa. Amma ga shekaru, ga ciwon suga, rauni na iya jinkirin warkewa. In ba ka so, ka zauna da ƙunzugu."

"Haba ɗana! A buɗe a liƙe wurin mana. Wa ke yar da abu don ɗan yoyo?"

"Ba a liƙe ta."

Ya koma gida yana huci. Matarsa ta bari ya gama faɗansa, sannan ta kwance agogon hannunta da ya tsaya, ta ajiye a gabansa.

"Malam, batirin wannan ya mutu. Liƙe shi za ka yi?"

"Ke ma dai! Sabo zan sa."

"Ka yar da agogon ke nan?"

Ya kalli agogon. Sai ya fashe da dariya har da buga cinya, ya hau neman takalmi zai koma asibiti. Murna ta hana shi ganin ƙafa ɗaya ta takalmin a hannunsa take. Sharaɗi ɗaya ya kafa wa likita: in an ciro tsohuwar na'urar, a bar shi ya duba ta da madubinsa.

Aka yi aikin. Mako shida ya jira kafin a kunna sabuwar, yana ƙirga kwanaki kamar mai jiran biki. Hujin tsohuwar kuwa ya gano shi, bai kai bakin allura ba, kuma har gobe yana cewa da an bar shi da ya liƙe.

Ranar da ya buɗe shago, farin wando ya sa. Mai sayen batirin nan ya zo wucewa, ya yi sallama daga nesa yana sunkuyar da kai.

"Kai, zo nan!" in ji Mai Agogo.

Da yana iya miƙa masa hannu daga zaune. Sai ya ture kujera, ya miƙe tsaye.