Ranar da Turken Akuya Ya Tada Mota

Har yau in na shaƙi warin ɗanyen fetur da safe, sai gabana ya faɗi, sannan in yi murmushi. Bari ka ji dalili.

A ƙauyenmu, kusa da Dogarawa, kakana, wanda muke kira Tsoho, yana da wata mota mai buɗaɗɗen baya da ta kusa sa'ar babana. Batirinta ya daɗe da gajiya, shi ya sa kullum a kan gangaren da ke bayan gidanmu take kwana, da dutse a gaban taya. Da safe a janye dutsen, maza su ɗan tura, ta gangara tana tari har ta kama. Manibel kuwa, lanƙwasasshen ƙarfen nan da ake zura mata a hanci a murɗa ta tashi, an manta da shi tun da kafaɗar Tsoho ta fara ciwo.

Ina ƴar shekara tara, ruwan shuka ya sauka. Gari na wayewa duk wani mai ƙarfi ya saɓi sungumi ya nufi gona, har da babana. Hantsi bai yi ba naƙuda ta kama Inna, ta kuma zo da gardama. Ungozoma ta fito tana goge hannu da zane, ta ce wa Tsoho, “Malam, wannan ta fi ƙarfina. Sai asibitin Malbaza.”

Gangare ya zama taɓo, ga shi ba mai turi. Tsoho ya murɗa makulli, motar ta yi ƙas, ta yi shiru. Ya birkice bayan kujera, babu manibel. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ran nan: “Wa ya ɗauke mini ƙarfena?”

Ni na san inda yake, tunda ni ke ɗaure awaki. Kaka ce ta kafa shi turke, wai ƙarfe ba ya zaman banza a gidanta. Na ruga na tumɓuko shi, jar akuya ta biyo ni tana jan igiya.

Tsoho ya ɗora ni a kujerar direba, ya nuna mini wani ɗan baƙin ƙulli da ake kira cok, mai ƙara wa inji mai in ya yi sanyi. “Jawo shi duka. Da kin ji ta kama, mai da rabi. In kika makara ta sha mai, sai azahar. Kin ji, amarya?”

Ya koma gaban motar, ya zura manibel, ya kwantar da babban yatsa tare da sauran don kada ƙarfen ya kaɗo baya ya karya shi, ya yi bisimilla. Ya murɗa, shiru. Ya sake, shiru, sai warin fetur da nishin Inna daga ɗaki. Na riƙe cok gam. A na uku ya saki ƙara saboda kafaɗar, motar ta yi tari, ta girgiza. Na tura cok rabi. Sai ta ɗauka, rugugi har cikin haƙorana. Na fashe da kuka, ban ma san ina yi ba.

Kafin azahar ƙanena ya yi kukansa na fari a matarnite, ɗakin haihuwa na asibitin, Inna kuma lafiya lau. Tsoho ya zauna a dakali yana dafe da kafaɗa, yana ta alhamdulillahi. Ya hararo Kaka: “Ki nemi wani turke.” Ta ce, “Da ban kafa shi ba, da maƙeri ya daɗe da mai da shi hauya.” Tun daga ranar hannun nan na Tsoho bai ƙara ɗaguwa sama da kansa ba.

Yau ƙanen nan nawa motar siminti yake ja, wadda ko a tsakiyar sanyi da yatsa biyu take tashi. Tsoho da Kaka sun riga mu gidan gaskiya, motar ma ta bi masu sayen tsohon ƙarfe. Kwanaki ƙanen ya zo gidana, ya ga manibel a rataye a bango, ya ce, “Yaya, mene ne wannan tarkacen?”

Na ce, “Cire hularka ka gaishe shi. Shi ya kawo ka duniya.”