Aljihu Mai Ɗaki Biyar a Wandon Kofur Manasse

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina taka keken ɗinki a Moduganari, a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin darbejiya. Sunana Garzali, amma 'yan sandan barikin da ke kusa da mu Tela kawai suke kirana, kamar ba a yanka mini rago ba. Kakin da ake raba musu daga sito ba a auna kowa: gajere a ba shi wandon dogo, siriri a ba shi rigar da za ta ɗauki mutum biyu. Saboda haka duk a wurina suke ƙarewa, in rage nan in ƙara can. Na san ƙugun kowannensu, na san wanda ke cin hanci daga yadda tumbinsa ke ƙaruwa. A cikinsu duka mutum ɗaya nake son in ba da labarinsa, Kofur Manasse Dzarma, wanda har yau idan na tuna shi abinci ke fita daga raina.

Mutumin wani ƙauye ne a bayan Biu, ɗan manomi, ya yi firamare a makarantar mishan. Ya zo Maiduguri a 1971 tare da abokinsa Pindar, ɗan ƙauyensu, rana ɗaya aka ɗauke su aiki. Manasse gajere ne, baƙi, mai dariya kamar zai tsage rufin shago, kuma shi ke jan waƙa a majami'arsu ranar Lahadi. Pindar dogo ne mai shiru-shiru. Manasse ya auri Salomi, Pindar ya auri Susanna, aka ba su ɗakuna biyu a jere cikin bariki, matan suna girki a murhu ɗaya. Idan ɗayan ya kawo mini wando, ɗayan na tsaye a bakin ƙofa yana jiransa.

Ƙa'idar bindiga a ofishinsu, kamar yadda suka sha gaya mini, mai sauƙi ce. Kowa da tasa bindigar, doguwa mai gindin katako, da lambarta a jiki, kuma ba a musaya. Da safe ka je ɗakin makamai ka sa hannu, a miƙo maka ita da harsashi biyar. Idan aikin rakiya ne ko shingen hanya, dole harsashin ya kasance a cikinta. Da yamma ka mayar, a duba biyar ɗin nan cif. In ɗaya ya ɓata, sai ka yi bayanin da zai gamsar da manya, in ba haka ba ka kwana a gadirum.

A 1976 aka tura su bakin wata kasuwa. Manasse ya yi tsalle zai sauko daga bayan landiroba, gindin bindigarsa ya bugi ƙarfen motar, sai ta tashi. Hannunsa ma bai kai kusa da kunamar bindigar ba. Harsashin ya sami wata tsohuwa Babarbariya, Ya Gumsu, da ke zaune a tabarma tana sayar da turaren wuta. Ko shurawa ba ta yi ba. Manasse ya gaya mini cewa abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne kaskon turarenta, wanda ya ci gaba da hayaƙi a gefenta har aka zo aka ɗauke ta.

An yi bincike, aka ce ba laifinsa ba ne, sakatar da ke riƙe kunamar ce ta cinye saboda tsufa. Aka gyara sakatar. Sannan, tunda ƙa'ida ta ce kowa da lambarsa, aka miƙo masa bindigar nan dai, ita ɗin dai, aka ce ya sa hannu. Ya rubuta takarda sau uku yana roƙon a mayar da shi ba da hannu a titi ko aikin tebur. Amsar da aka ba shi ita ce ma'aikata sun yi ƙaranci, kuma wanda ba zai riƙe bindiga ba sai ya tuɓe kaki. 'Ya'yansa uku a lokacin, ga ɗakin bariki, ga tsohon ubansa a ƙauye. Ni dai har yau ban gane irin kan da zai mayar wa mutum ƙarfen da ya kashe rai a hannunsa ba, ya kuma ce masa wai doka ce.

Wata ranar Asabar da hantsi ya zo shagona shi kaɗai, ba Pindar. Ya rame, kaki na yawo a jikinsa. Ya jira har mai ɗaukar ɗinki ya fita, sannan ya ajiye wandonsa a kan keke.

"Tela, aiki na kawo maka, amma daga ni sai kai."

"To, Kofur, Allah ya sa alheri ne."

"Aljihu nake so a cikin ƙugu, ta ciki, inda bel zai rufe. A raba shi ɗaki biyar, kowane ɗaki kamar faɗin yatsan nan." Ya ɗaga ƙaramin yatsansa.

Na dube shi, na gane. Na ce, "Kofur, wannan fa wasa da aiki ne. In aka kama ka?"

"A kama ni. Ni dai ba zan ƙara yawo cikin mutane da bindigar nan a cike ba. Wallahi ko jaki ya yi tari a bayana sai in ji kamar ta tashi. In sa hannu in karɓa, in zaga baya in zare harsasan in zuba a nan. Da yamma in mayar musu kayansu. Wa na cuta?"

Da na ƙi, da wani telan zai yi masa, haka na gaya wa kaina. Gaskiyar magana kuwa tausayinsa na ji, kuma aikin ya burge ni. Na yanki ƙyallen da na rage daga ƙafar wandon, na ninka biyu, na bi kowane ɗaki da ɗinki sau biyu. Da ya sa, ko ni da na ɗinka ban ga alamar komai ba.

Shekara goma sha ɗaya Manasse yana rataye da bindigar da ba komai a cikinta. Ya tsaya a shingen hanya da ita, ya yi gadin ofisoshi, ya raka motoci, direbobi suna ganin bakinta suna rage gudu. A hankali ƙiba ta dawo, dariya ta dawo, ya koma jan waƙa. Manya har misali suke yi da shi, wai a dubi Kofur Manasse da bai taɓa ɓatar da harsashi ɗaya ba. Duk sanda aka raba sabon kaki sai ya kawo, in ɗinka masa aljihunsa ba tare da mun ce wa juna komai ba. Salomi ta sani, tunda ita ke wanki. Pindar bai sani ba.

Sau ɗaya na taɓa yi masa maganar. Na ce, "Kofur, mutumin nan kullum tare ake tura ku. Shi fa yana tafiya ne da zaton bayansa a rufe yake."

Ya shafa ƙugun wandonsa. Sannan ya ce, "In na gaya masa, ko dai ya kai ƙarata, ko ya rufa mini asiri ya shiga laifin tare da ni. Wanne zan ɗora masa? Kuma ai harsasan suna jikina, Tela. In ta ɓaci, minti ɗaya ne na zuba su."

Na yarda, domin yarda ta fi mini sauƙi.

A 1987, saura mako biyu babbar salla, aka raba musu sabon kaki, mai kauri, mai tauri kamar tamfol. Manasse ya kawo nasa. Ya ce tsohon aljihun ya saki, har harsashi ɗaya ya taɓa faɗo masa a gaban wani sufeto, Allah ya sa ya yi saurin take shi da takalmi. Ya ce a matse wannan kaɗan. Duk telan da ya san aikinsa ya san irin wannan yadi sai an jiƙa shi ya bushe kafin a auna, domin wankin farko yake tsukewa. Ni ma na sani, ni da na koya wa wasu. Amma ɗinkin salla ya taru mini har rufi, mata na zaune a benci suna hararata. Na yanka haka nan ban jiƙa ba, na matse kamar yadda ya ce, na bi da zare mai ƙarfi sau uku.

Bayan kwana biyar ya leƙo shagon. "Tela, abin nan ya tsuke fa tun da matata, Maman Rhoda, ta wanke. Shiga da kyar, fita kuwa sai na sa mariƙin cokali na tono su."

Ko ɗaga kai ban yi daga kan keke ba. Na ce, "Haba Kofur, ka ga halin da nake ciki. Ka bari bayan salla, aikin minti goma ne."

Ya yi dariya ya ce to, Allah ya kai mu.

Ana jibi salla aka tura shi da Pindar su raka motar 'yan kasuwa zuwa Biu. Bayan azahar, sun wuce Damboa kaɗan, suka tarar an gicciye itace a hanya. 'Yan fashi ne su huɗu, biyu da bindiga. Abin da ya biyo baya daga bakin Manasse na ji shi, da bakin direban. Pindar ya dira ta hagu ya kwanta a bayan taya, ya yi harbi biyu, 'yan fashin suka ja da baya. Ya ɗaga murya da yarensu ya ce wa Manasse ya riƙe masa dama, shi zai matsa gaba zuwa wani tudu. Ya miƙe da gudu, bai ko waiwaya ba. Me zai sa ya waiwaya? Mutumin da suka yi kiwon awaki tare ne a bayansa.

Manasse yana durƙushe a ɗaya gefen, ya kwance bel, yatsunsa na cikin ƙugu. Gumi ya jiƙa yadin ya ƙara kama harsasan. Cokalin yana aljihun rigar sama da ya bari a kan kujerar mota. Ya ja, ya murɗa, ya yi ihu wa Pindar ya tsaya, amma ƙarar harbi ta danne muryarsa. Ta daman nan harsashi ya sami Pindar, a ƙirji. A nan ya cika.

A wurin bincike ba wanda ya tsananta masa da farko. Da ya ce bindigar ce ta cije, kowa zai yarda, tunda an san tarihinta. Bai faɗi haka ba. Ya tuɓe wandon ya ajiye a kan tebur, ya juya ƙugun ya nuna musu. Da aka tambaye shi wa ya ɗinka, ya ce shi ne da hannunsa. Duk mai ido ya san wannan ɗinkin keke ne, amma ba wanda ya bi ta kai, ni kuwa ban je na ce ni ne ba. Tsoro na ji, ba wani abu ba.

Aka kore shi daga aiki, aka ba shi kwana bakwai ya bar bariki. Susanna ta kwashe 'ya'yanta ta koma ƙauye. Salomi ta ce ranar da su Susanna za su tafi ta kai mata tuwo, Susanna ta karɓa, ta ajiye a bakin ƙofar Manasse, ta juya ta tafi. Manasse ya kama ɗaki ɗaya a Bulabulin, ya sami gadin rumfar katako a wurin wani ɗan kasuwa Inyamuri, Eugene, da sanda a hannu. Majami'a yana zuwa, amma a bencin ƙarshe yake zama, kuma ba wanda ya ƙara jin muryarsa. Ƙauyensu bai ƙara takawa ba, ko da ubansa ya mutu Salomi ya tura. A 1994 ya kwanta ciwon kwana tara ya rasu.

Sau ɗaya na iya zuwa wurinsa a duk shekarun nan, wata uku bayan korar. Na same shi da rana tsaka yana zaune a kan tulin katako, ya tsufa kamar an ƙara masa shekara ashirin. Na gaishe shi, na zauna, na fara maganar da na yi wata uku ina shiryawa.

"Kofur, yadin nan ban jiƙa shi ba. Kuma ka zo ka gaya mini, na ce bayan salla."

Ya ɗaga mini hannu. A nan na ga yatsunsa biyu na dama, farcen ya cire, wani baƙi-baƙi ya fara tsirowa a wurin.

"Kada ka sa wa ranka, Tela. Ni na zo wurinka da ƙafata." Ya dubi yatsun, ya juya su. "Ka san na ja da duk ƙarfina? Na so ko ɗaki ɗaya ya yage. Wallahi zare ɗaya bai tsinke ba. Harsashi ɗaya na samu na fitar, shi ma sai bayan sun tafi." Ya ɗan yi murmushi. "Aikinka mai kyau ne, ka ji. Kullum ina gaya wa mutane."

Na dubi fuskarsa ina neman gatse, ban samu ba. Da gaske yake yi. Da ya tashi ya kwaɗa mini sandar nan ta gadi, da na koma gida da sauƙi.

Na ci gaba da ɗinki, tunda ba ni da wata sana'a. Amma daga ranar, duk ɗan sandan da ya shigo da kaki sai in nuna masa shagon da ke gaba. Suna cewa Tela ya yi kuɗi ya fara girman kai, ni kuwa ban taɓa gyara musu zancen ba.