Ƙullin Tsumma a Bakin Kuɓewa

Shekarar da ɗana ya sayi mota, a ita ce ya gano tsakar gidanmu ta zama daji. Kafin nan bai taɓa ganin laifinta ba, miyar kuɓewarta yake sha yana lashe hannu.

Gidan nasa ne, ban musa ba. Shi ya gina shi nan bayan garin Tawa, ya ɗauko mu daga Kalfu ni da uwarsa, wai mu zo mu huta. Ni ko hutu ciwon baya yake sa ni. Ƙasar gidan fako ce, in ka sara hauya sai ta yi tsalle ta nemi goshinka. Sai na yi mata abin da muke yi wa fako a ƙauye: na gina tassa, ƴan ramuna kamar akushi, na zuba taki, ruwa in ya sauka ya kwanta ciki. Kuɓewa ta tashi, yakuwa da rama da tattasai sunka bi ta, kabewa ta hau bango tana leƙen maƙwabta. Har da furanni, ja da ruwan ɗorawa, waɗanda wata ma'aikaciyar likita ƴar Damagaram ta ba tsohuwata, uwar ɗan nawa, irinsu tun muna Kalfu, kafin a maida ta wani gari. Abokaina na fada, wurin hirarmu, sun sha tambayata ko da fure ake miya. Na ce musu su ma ba a miya da su, ga su nan an bar su.

Ƙarshen damina lambu ba ya da kyawon gani. Ganye ya yi ja, igiyar kabewa ta bushe, kuɓewar da munka bari don iri ta tsufa ta yi ƙaho, ko akuya ba ta kallonta. Daidai lokacin ɗana ya tsaya a kaina da makullin mota a hannu.

"Baba, ciyawar ga ta isa. Sauro ya hana yara kwana, mota tana kwana waje. Jibi magini zai zo, a share wurin a zuba siminti."

Mushe nake ce masa, don ɗan fari ne, ba na kama sunansa, kuma ya yi lakkwal, makarantar boko, har ya ƙure ta. Ni lakkwal ta ƙofa na shiga, ta taga na fita, kalma biyu na Faransanci na fito da su. Su na ba shi.

"Wi, Mushe."

Ya tafi biro, wurin aikinsa, yana ganin an gama.

Tsohuwata tana da yadda take ajiye iri. Kowane iri da tsummansa, ta gauraya da toka don ƙwari, ta ƙulle tam, ta rataye a madafa inda hayaƙi ke maida shi baƙi ƙirin. Safiyar da magini zai zo na kwanto su duka. Na kafa sanduna kewayen lambu, na rataya ƙulli a kan kowace. Gashin kazar da ke jikin guda kuwa iska ta kawo shi, ni dai na taimaka mata da zare.

Magini ya iso da leburori biyu, ƴan wajen Tebaram, da diga a kafaɗa. Na farko ya ɗaga digarsa, idonsa ya faɗa kan ƙullin, sai ya sauke ta a hankali kamar mai ajiye jinjiri.

Magini ya ce, "Baba, wancan fa?"

"Na tsohuwa ne. Da shi ta zo daga Kalfu."

"Mi ke ciki?"

"Abin da in an binne shi yake tashi."

Sunka dubi juna. Magini ya ce shi yana da ɗiya ƙanana, ba ya taɓa abin da bai san mai shi ba. Sunka koma zaure sunka zauna bisa buhunan siminti.

Daga madafa tsohuwa ta ce, "Tsoho, ka ji tsoron Allah."

"Ƙarya na yi?"

"Ba ka yi ba. Shi ne abin haushin."

Magini ya kira Mushe a waya. Mushe ya shigo ransa ɓace, bai ko tsaya gaisuwa ba. Ya fizgo ƙullin mai gashin kaza, ya ce bari ya nuna musu babu komi ciki. Tsumma ya tsufa, yana ja sai ya yage. Irin furen nan ya watse, rabi bisa takalminsa, rabi cikin tassar da ke gabansa, wadda ke da sauran laimar ruwan ƙarshe.

Ban san ina da sauran sauri ba sai ranar. Na sa diddige na tura ƙasa na rufe, na danne, yadda ake shuka a gona.

"Alhamdu lillahi," na ce. "Mushe ya yi shuka. Ku shaida."

"Baba, damina ta wuce!"

"Ruwan alwalata bai wuce ba. Kuma a gidanmu ba a taɓa yin wanda ya shuka da hannunsa ya koma ya danne da dutse ba. In kai za ka fara, ga diga can."

Leburori sunka fashe da dariya, magini ya ce wallahi tsohon ga ya ci su da rana tsaka. Mushe ya daɗe yana duban takalminsa. Ya dubi uwarsa ko za ta taimake shi, ita ko ta duƙa tana tsince irinta daga ƙasa tana zagina.

An zuba siminti, amma daga ƙofa zuwa gindin bango kawai, faɗin mota. Maganar sauro gaskiya ce, don haka na nome ciyawa na cike kwarin da ruwa ke kwanciya. Tassa kam ko guda ba ta taɓu ba.

Furen ya fito cikin sanyi, a karkace, dab da inda tayar baya ke tsayawa. Kullum da safe sai Mushe ya murɗa sitiyari don kada ya take shi, yana cewa baɗi ba zan tsira ba. Na ce masa baɗi ta zo, tsohuwa ba ta rasa tsumma.