Gorar Malam Gado

Malam Gado Uzairu ya shekara goma sha tara yana tuƙa jirgin kanwa daga Bol, a bakin tafkin Chadi, ya bi kogin Shari zuwa Forlami, sunan da har yau yake kiran Njamena da shi. Da ruwan tafkin ya ja baya, ya sauka ya kama tireda a unguwar Paris-Congo ta Njamena. Bai taho da komai daga waccan rayuwa ba sai gorar tuƙinsa, mai tsawon kamu tara, wadda ya rataye a bayan ɗaki.

Abin da ke damunsa ɗaya ne: babu mai gaskata shi. In ya ce ruwa yakan shanye gorar nan sai kamu guda, a wurin da yau ake shuka masara, 'ya'yansa sukan yi murmushi su ce tsufa ne.

Jikarsa Nuriyya tana koyar da tarihi a wata makaranta a unguwar Gassi. Ran nan ta zo ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce littafinsu duk sarakuna ne da yaƙe-yaƙe, babu labarin ruwa.

"Angona, ka zo ka faɗa wa ɗalibaina."

"Ke da kike dariya tare da ubanki?"

"Ina dariyar haƙoranka ne, ba labarinka ba."

Aka ɗaure gorar a saman bas, direba yana ta ƙorafi. A aji kuwa ta ƙi tsayuwa, domin rufin ya yi mata ƙasa. Dole aka fita fili. Malam Gado ya kafa ta, ya sa ɗalibi mafi tsawo ya tsaya a gindinta, sannan ya nuna musu inda ruwa ya rina itacen ya yi baƙi, can sama da kan saurayin sau biyu. Ɗalibai suka matso kusa.

Wata ɗaliba, Ilham, wadda iyayenta mutanen Bol ne, ta ce, "Baba, wato gonarmu a ƙarƙashin ruwa take a lokacin?"

"Na bi ta kanta da buhu ɗari, 'yata."

Ta buɗe littafinta ta rubuta, ba ta yi murmushi ba.

Nuriyya ta roƙe shi ya bar wa makarantar gorar. Ya daɗe yana shafa wurin da tafinsa ya sa ta yi sulɓi, sannan ya saki. A hanyar komawa ya nemi kujerar taga, ko zai hango kogin Shari. Gine-gine suka tare masa.